Dodon Kirby na 1961: Wane Bugu Ya Cancanci Kuɗinka?

Fitowar farko ta mujallar labarin zane ta Fantastic Four, wadda kamfanin Marvel ya buga a Amurka da kwanan watan Nuwamba 1961, tana ɗauke da wani ƙaton koren dodo a bangonta, ya faso titi daga ƙarƙashin ƙasa, jarumai huɗu suna fama da shi. Stan Lee ya rubuta, Jack Kirby ya zana. Ya kamata mai saye ya sani tun da wuri cewa wannan artabu na tsakiyar gari ba ya cikin labarin. Abin da ke ciki shi ne tashoshin nukiliya da ƙasa ke haɗiyewa, da tsibirin dodanni, da ubangidansu Mole Man, mutumin da wulaƙancin jama'a ya kora ƙarƙashin ƙasa har ya kusa makancewa. Jaruman ma ba su sa tufafinsu na jarumai ba sai a fitowa ta 3.

Bugun asali, wanda aka sayar a kan santi 10, ya fi ƙarfin mai karatu, domin a 2022 an yi gwanjon wani kwafi mai tsabta a kan dala miliyan 1.5, kuma irin wannan a cikin roba ake rufe shi, ba a buɗewa. Wanda aka yi wa tayin "asali" da araha ya yi hattara, don akwai maimaicin bugu na 1966 mai kama da shi ƙwarai.

Gasar gaskiya tana tsakanin kundayen Marvel ne da suka sake buga tsofaffin fitowar mujallar. Kundin Omnibus na ɗaya ya tattara fitowa 30 na farko a manyan shafuka masu sheƙi, inda zanen Kirby yake fitowa raɗau, sai dai nauyinsa ya sa ba a karanta shi a kwance, kuma a ganina launin yana yin kaifi fiye da kima a irin wannan takarda, alhali an tsara shi ne don takardar jarida mai shanye tawada. Kundin Essential baƙi da fari ne, yana da sauƙin kuɗi idan an samu na hannu, amma dodon da aka raba da korensa ya rasa rabin kwarjininsa. Manhajar Marvel Unlimited kuwa haya ce, ranar da ka daina biya karatu ya ƙare.

Ni dai kundin Epic Collection na ɗaya, mai bangon takarda, mai launi, wanda ya kai fitowa ta 18, zan nuna wa mai saye. Labarin farko ɗanye ne, gaggawa ta bayyana a ƙarshensa, kuma ba a gane darajarsa sai an bi shi zuwa fitowa ta 4 da ta 5, inda Namor, yariman ƙarƙashin teku na tsofaffin mujallun kamfanin, ya dawo, Doctor Doom, babban abokin gaban jaruman, kuma ya bayyana.