Kafin ka sayi na'urar bin sawun ruwa a Sakkwato

Ruwa ba ya barin sawu kamar raƙumi a rairayi. Rijiyar gida ta fara wari, sai kowa ya nuna shaddar maƙwabci, amma babu mai iya dafa Alƙur'ani a kai. Masu ban-ruwa su saki ruwa daga sama, rabinsa ya salwance kafin ya kai gonar ƙarshe, a yi ta zargin juna. Abin da ke raba irin wannan gardama shi ne rini mai ƙyalli: ka zuba shi inda kake zargi, ka je ka tare shi inda kake tsammanin zai ɓullo. Dabarar ta daɗe. A 1877 aka zuba kilo 10 na rinin fuloresin a kogin Danube a Jamus, inda ruwan ke nutsewa cikin dutse, bayan kamar awa 60 ya fito a maɓuɓɓugar Aach mai nisan kilomita 12.

Na'urorin yanzu suna haska ruwan da haske mai launi guda, rinin ya mayar da wani launi, su auna ƙarfinsa. Masu kyau daga cikinsu suna gane ƙasa da kashi 1 cikin biliyan, inda ido ba ya ganin komai. Sai dai kowane idon na'ura da rinin da aka yi shi dominsa, don haka rini za ka fara zaɓa.

Fuloresin gari ne ja kamar dakakken barkono, amma da zarar ɗan ƙanƙani ya taɓa bokitin ruwa sai ya koma kore shar yana walƙiya. Yana da araha, kuma ba ya yawan maƙalewa a jikin ƙasa. Abokin gabarsa rana ce. Ka zuba shi a buɗaɗɗiyar kwata cikin watan Afrilu, lokacin da zafin Sakkwato ke haura digiri 40 kuma babu ko gajimare, hasken rana zai cinye mai yawa kafin yamma, kai kuma ka ɗauka ruwan ne ya ɓata. Wurin aikinsa ƙarƙashin ƙasa ne, musamman a dutsen farar ƙasa na Kalambaina, wanda ake yin siminti da shi, inda ruwa ke bin tsaga da kogo har ya fito a maɓuɓɓugai irin na wajen Kware.

Rini na biyu, rodamin WT, ana sayar da shi a ruwa-ruwa, ja mai duhu, in ya ɗiga a hannu sai ya kwana biyu kamar lalle. Ya fi jure rana, shi ya sa ya dace da gulbin Rima, da kwatocin da ke shan ruwan madatsar Goronyo. Amma yumɓu da ruɓaɓɓen ganye suna riƙe wani kaso nasa, kuma zafi yana rage ƙyallinsa da kusan kashi 2.6 cikin 100 a kowane digiri. Ka daidaita na'ura da sanyin asuba, ka auna da azahar zafin ruwa ya ƙaru da digiri 10, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na lissafinka ya tafi. Ka kuma duba takardar jikin galan da kyau, domin akwai rodamin B, wanda ake zargin yana haddasa ciwon daji. Wannan kada ya kusanci ruwan sha ko mashayar dabbobi.

Yanzu ga abin awon. Mafi sauƙin kuɗi ba na'ura ba ce ma: 'yar jakar raga ce cike da sarrafaffen gawayi, a ɗaura mata igiya a zura a rijiya, a bar ta kwana bakwai ko fiye. In rinin ya wuce, gawayin ya kama shi, sai a wanke a ɗakin gwaji a duba. Ba ta cin batir, ɓarawo bai damu da ita ba, kana iya saka ta a rijiyoyi ashirin rana guda. Amsarta dai e ko a'a ce, ba za ta faɗa maka sa'ar da rinin ya iso ko yawansa ba. Idan tambayarka ita ce ko shaddar can tana haɗuwa da rijiyar nan, ni a ganina kuɗinka ya tsaya a nan.

Sai ta hannu, irin AquaFluor ta kamfanin Turner Designs: ka ɗebi ruwa a 'yar kwalba, ka saka, lamba ta fito. Tana shiga jaka, kuma in ruwan ya turɓune kana iya barin lakar ta kwanta kafin ka auna. Wahalarta, dole mutum ya tsaya bakin ruwa, in rinin ya wuce da tsakar dare kana barci, shi ke nan. Ga ɗalibin Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ko ƙaramin kamfanin haƙa rijiyar burtsatse, ita zan nuna masa.

Ta uku ita ake nutsawa a bari tana rubuta awo dare da rana, irin Cyclops ta Turner, ko EXO ta YSI, ko GGUN da ake ƙerawa a Suwizalan, wadda ke bambance rini uku lokaci guda. Su ne ke ba ka cikakken labari: yaushe rinin ya iso, yaushe ya kai ƙololuwa, yaushe ya ƙare. A nan mai saye ke ruɗuwa da ƙananan lambobin da ke cikin talla, alhali a ruwa garau aka gwada su. Rima da damina jawur take da laka, lakar tana watsa haske har na'ura ta nuna rinin da babu shi. Ka tambayi mai sayarwa ko tana auna zafi da laka tare da rinin, ko tana da ɗan burushin da ke share idonta, domin gansakuka ba ta jinkiri a ruwan ɗumi. Ka tambaye shi inda za a gyara ta in ta lalace, da ko zai haɗo maka da rinin daidaitawa. Kuɗinta da dala ne, in aikin na sati biyu ne haya ta fi saye.

A ruwan famfo kuma kulorin, maganin da ake sa wa ruwa don kashe ƙwayoyin cuta, yana kashe rinin. Idan gajeriyar kwata ce kawai kake son sanin gudunta, gishirin miya da na'urar auna gishirin ruwa sun wadatar.

Ko wacce ka ɗauka, ka auna ruwan na 'yan kwanaki kafin ka zuba komai, domin ruwan da ke gangarowa daga marina, majema da wuraren wanki yana iya zuwa da nasa ƙyallin. Sannan ka nemi izinin hukumar ruwa, ka je wurin mai unguwa da limami da bokiti da 'yar kwalbar rinin, ka zuba a gabansu su gani da idonsu, tun kafin wata baiwar Allah ta ja guga da safe ta ga ruwa kore.