Garin maikoriza na dashen itatuwa: abin da ke cikin fakiti da abin da talla ke faɗa

Daga ƙasashen waje ake shigo da wannan gari cikin ƙananan fakiti, ana tallata shi ga masu renon itatuwa da cewa yana ɗauke da ƙananan halittu masu rai waɗanda ke sa dashe ya jure fari. Launinsa ruwan toka ne, ba shi da wari, idan aka murza shi a yatsa sai a ji kamar dakakkiyar laka, domin mafi yawansa lakar ce aka cuɗa da irin wata halitta dangin fumfuna mai suna Rhizophagus irregularis; zaman tare da irin wannan halitta ke yi da saiwa shi ake kira maikoriza. Aikinta sananne ne ga masana ƙasa: tana shiga cikin saiwa, ta miƙa zaruruwa da suka fi gashi siranta zuwa wuraren da saiwa ba ta iya kutsawa, ta jawo sinadarin fosfarus da ɗan ruwa, itacen kuma ya biya ta da sukarin da ganyensa ya haɗa.

Hujjar da mai sayarwa ya fi dogara da ita ita ce binciken da aka yi a kan itacen fofla, wanda ke fitowa a bakin koguna a Turai da Arewacin Amurka da Sin. Itace ne mai saurin girma da yawan shan ruwa, shi ya sa fari ke saurin nuna masa, kuma shi ne itace na farko da aka karanta dukan tsarin ƙwayoyin halittarsa, a shekarar 2006. Farfesa Sharon Doty ta Jami'ar Washington da abokan aikinta sun ɗebo ƙananan halittu daga jikin fofla na daji da ke rayuwa cikin duwatsu da yashi a bakin kogi, suka sa wa wasu dashe, suka hana su ruwa, sai aka ga waɗanda aka sa wa sun fi girma, sun kuma fi jimiri. Wannan gaskiya ne, ba ni da ja. Sai dai halittun nan bakteriya ne da yis masu zama a cikin jikin itacen kansa, an kuma yi gwajin ne a tukwane, kuma ko ɗaya daga cikinsu babu a jerin abubuwan da aka rubuta a bayan fakitin. Aron hujja ne kawai aka yi.

A wajen amfani, na raba dashen darbejiya da na gawo gida biyu, na barbaɗa garin a kan saiwar rabi lokacin da ake mayar da su leda, na bar sauran haka. Waɗanda ledarsu yashin kogi ne da jar ƙasar rami, ƙasar da babu rai a cikinta, sun nuna bambanci bayan wasu makonni: da aka rage ban ruwa, masu garin sun fi daɗewa ganyensu bai langaɓe ba, da na farke leda kuma sai na tarar yashin ya manne da ƙananan saiwoyi maimakon ya zube. Amma a ledojin da aka cika da ƙasar gona da ruɓaɓɓen taki, ban ga wani abin a zo a gani ba, dalili kuwa shi ne irin wannan ƙasa dama tana da nata halittun.

Inda na fi damuwa shi ne ajiya. Kaya ne mai rai, amma ana jibge shi a shago mai rufin kwano a watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura maki 40, mai saye kuma ba shi da hanyar sanin ko abin da ke ciki ya mutu. Wani bincike da aka buga a 2022 ya gwada irin waɗannan kayayyaki daga ƙasashe daban-daban, ya tarar mafi yawansu ba su ma kama saiwa ba. Bayanin da ke jikin fakitin kuma da Turanci ne, cikin ƙananan haruffa, bai ambaci cewa takin zamani mai yawan fosfarus yana hana halittar kama saiwa ba, balle ya yi gargaɗi a kan maganin fumfuna da ake wanke iri da shi.

Mai renon dashe a yashi, ko mai shuka a ƙasar da zaizaya ta cinye samanta, yana iya sayen ƙaramin fakiti mai sabon kwanan wata, ya gwada a kan rabin dashensa kafin ya ƙara kuɗi. Wanda ke da tsohon gawo ko tsamiya a gonarsa kuwa, ɗan tafin ƙasa daga gindinsu a kowace leda zai ba shi halittun da suka riga suka saba da zafin yankin, ba tare da ya kashe ko kwabo ba.