Bitar aikin sauya na'urar BCM a motar kaya: bincike ya yi kyau, bayani ya yi ƙaranci

Garejin da ya sauya na'urar BCM a motata ta ɗaukar kaya ya cancanci yabo a kan abu guda da ya fi komai muhimmanci a irin wannan aiki, wato bai yarda ya sayar mini da sabuwar na'ura ba sai da ya tabbatar da cewa tsohuwar ce ta lalace, ya kuma gano abin da ya lalata ta. Akwai wuraren da ya gaza, zan kuma faɗe su, amma ba a aikin hannu ba.

BCM ita ce ƙaramar kwamfutar da ke kula da lantarkin jikin mota, wadda ta sha bamban da ƙwaƙwalwar inji. Ita ce ke karɓar umarni daga maɓallai ta kunna fitilu, sigina, waifa, hon da makullan ƙofofi, kuma a motoci da yawa tana da hannu a tsarin da ke hana tayar da inji idan ba a gane makulli ba. Saboda yawan abubuwan da ke ƙarƙashinta, lalacewarta ba ta zuwa da alama ɗaya. A tawa motar, waifa kan tashi da kanta, ƙofar gefe takan ƙi kulluwa da rimot, fitilar ɗakin kaya takan kasance a kunne bayan an rufe komai, batir kuma yakan wayi gari a mace idan motar ta kwana biyu ba a tayar ba. Matsalar ita ce duk waɗannan alamomi batir mai rauni ko wayar nagetif da ta yi tsatsa na iya haifar da su, shi ya sa ake yawan cire BCM mai lafiya a jefar.

Mai wayarin da ya karɓi motar ya fara da batir. Lafiyayyen batir da ya huta yana nuna kusan volt 12.6, idan inji na aiki kuma altaneta kan kai shi wajen 14. Bayan ya yi cajin nawa ya gwada shi da nauyi, ya same shi da sauran ƙarfi, sai ya koma kan wayoyin nagetif da aka ɗaure a jikin mota. Bai tsaya ga kallo ba: ya kunna fitilu da fanka, ya auna ƙarfin wutar da ke ɓacewa tsakanin kan batir da inda wayar ta kama ƙarfe, domin waya na iya kyau a ido alhali tana shaƙe wuta idan an ɗora mata nauyi.

Daga nan ne ya jona kwamfutar bincike a soket ɗin OBD mai ramuka 16 da ke ƙarƙashin sitiyari, ya karanta dukkan na'urorin motar, ba BCM kaɗai ba. Da dama daga cikinsu sun ajiye lambar U0140, wadda ke nufin sun daina jin BCM a wani lokaci. A nan ne bakanike mai gaggawa yake yanke hukunci, amma lambar ba ta ce na'urar ta mutu ba. Abin da ta ce kawai shi ne magana ta yanke, kuma yankewar na iya zuwa daga fis, daga soket, ko daga wayoyin sadarwa. Na'urorin mota suna magana da juna ta tagwayen wayoyi na tsarin CAN, wanda kamfanin Bosch ya gabatar a 1986, kuma a kowane ƙarshen layin akwai abin tare wuta mai om 120. Da ya cire kan batir ya auna tsakanin rami na 6 da na 14 na soket ɗin OBD, mita ta nuna kusan om 60, adadin da ake tsammani idan layin bai tsinke ba kuma bai haɗe ba.

Gwajin da ya fi burge ni shi ne na satar wuta, wato wutar da ke zurarewa daga batir alhali motar na kashe. Ya kashe motar, ya danne mariƙin ƙofa da sukuddireba don motar ta ɗauka a rufe take, ya jira na'urorin su yi barci, abin da kan ɗauki fiye da rabin awa a wasu motocin. Mota mai lafiya takan sauka ƙasa da miliyamp 50 idan ta yi barci. Tawa ta tsaya a ninkin hakan sau da yawa. Maimakon ya riƙa zare fis ɗaya bayan ɗaya, wanda kan farkar da na'urorin ya ɓata gwajin, sai ya riƙa ɗora bakin mita a kan ƙarafan da ke bayan kowane fis yana duba wanda wuta ke ratsawa. Zaren ya kai shi ga layin da ke ciyar da BCM. Ya kuma buɗe bayanan kai tsaye a kwamfuta, inda aka ga na'urar tana karanta maɓallin waifa daidai, a kashe, amma duk da haka tana tura wuta zuwa injin waifar. Umarni na shiga daidai, yana fita a karkace, wutar da ke ciyar da ita da nagetif ɗinta lafiya lau. Sai a lokacin ya ce, "Malam, yanzu zan iya cewa ita ce."

Da aka ciro ta daga ƙarƙashin dashbod, hujjar ta fito fili. Ƙafafun babban soket sun yi kore, biyu daga ciki sun cinye har sun siranta, a kan allon ciki kuma akwai farin zane inda ruwa ya kwanta ya bushe. Soson da ke ƙarƙashin shimfiɗar ƙafa yana jiƙe, ko da yake samanta a bushe yake. Ya sa yaronsa ya riƙa zuba ruwa a gilashin gaba daga ƙasa zuwa sama, shi kuma yana kwance a ciki da tocila, har ya ga ɗigo yana bin ɗaurin wayoyi yana gangarowa cikin soket daga kusurwar da dankon gilashin ya saki. Da an saka sabuwar na'ura ba a toshe wannan kafa ba, da an zuba ruwa ne a kwando.

An ba ni zaɓi uku: sabuwa, ta hannu, ko a aika tsohuwar a gyara. Gyara bai yiwu ba saboda tsatsar ta ci layukan allon. Ta hannu tana zuwa da lambar shasi da saitin motar da aka ciro ta, kuma ba kowace ce ke karɓar sabon saiti ba, ko da lambar jikinta ta yi daidai. Na zaɓi sabuwa. Sun kwafi saitin tsohuwar tun tana iya amsawa, sun jona motar da na'urar da ke riƙe ƙarfin wuta a tsaye yayin ɗora manhaja, domin faɗuwar wuta a tsakiyar aikin na iya kashe sabuwar na'ura, sannan suka sauya ƙafafun soket da suka ci, suka sake liƙe gilashin.

Inda suka gaza shi ne bayani. Ba wanda ya gaya mini tun farko cewa za a buƙaci dukkan makullan motar a wuri ɗaya lokacin saiti, saboda haka makulli na biyu ya daina tayar da inji har sai da aka sake komawa da shi. Ga mai motar da direbobi ke karɓa-karɓa, wannan ba ƙaramin cikas ba ne. Haka kuma lokacin da ake jiran isowar na'urar, ni ne nake kira ina tambaya, kuma ranar da aka faɗa ta wuce ba tare da wani ya sanar da ni ba. Takardar da aka ba ni a ƙarshe layi ɗaya ce, ba ta ɗauke da lambobin da aka karanta ko ma'aunan da aka samu, sai da na nema aka buga mini. Garantin ma da baki aka fara faɗarsa, kuma da aka rubuta ya shafi na'urar da aikin sakawa ne kawai, ban da lalacewar da ruwa zai sake jawowa.

Kafin a miƙa mini motar an sake gwajin satar wuta a gabana, adadin ya sauka inda ya kamata, an kuma gwada kowace fitila, kowace ƙofa da waifa a dukkan matakanta. Tun daga lokacin babu alamar da ta dawo, har bayan ruwan sama mai ƙarfi. Zan sake kai musu aikin lantarki, amma zan tafi da duk makullaina, in kuma nemi a rubuta mini ranar gamawa da sakamakon gwaji kafin a taɓa motar.