Sharhi Kan Hidimar Ba Da Shawara Ga Ɗalibai A Makarantun Gwamnati Na Wales

A yankin Wales na Birtaniya, doka ta ɗora wa ƙananan hukumomi 22 da ke yankin nauyin samar da ƙwararrun masu ba da shawara kan damuwa da matsalolin rayuwa ga yara 'yan shekara 11 zuwa 18, da kuma 'yan ajin ƙarshe na firamare, ba tare da iyaye sun biya ko sisin kwabo ba. Tushen abin shi ne rahoton Clywch na shekarar 2004, wanda Peter Clarke, kwamishinan yara na farko a Wales, ya fitar bayan binciken zargin cin zarafin ɗalibai a wata makaranta, inda ya nuna cewa yara suna bukatar wanda za su kai wa kukansu a asirce. An fara shirin a faɗin yankin a 2008, sannan dokar 2013 ta mayar da shi wajibi. Ɗiyata ta amfana da wannan hidima a makarantar sakandarenta, kuma bisa abin da na gani ne nake wannan sharhi.

Abin da ya fi burge ni shi ne sauƙin shiga. Ɗalibi yana iya neman a haɗa shi da mai ba da shawara da kansa, ko malaminsa ya miƙa sunansa, ko iyayensa su nema, kuma ba a bukatar takardar likita. A makarantar ɗiyata, ɗakin ganawar yana can gefe, nesa da ofishin shugaban makaranta, kuma babu komai a cikinsa sai kujeru biyu masu laushi da ƙaramin tebur da agogon bango. Ana sauya lokacin ganawar kowane mako domin kada yarinya ta riƙa rasa darasi ɗaya a jere, kuma takardar izinin fita daga aji ba ta faɗin inda za ta. A farkon zama ana ba ta wata takarda mai tambayoyi goma game da barcinta da fargabarta da yadda zuciyarta ta kasance a makon, a sake ba ta a ƙarshe domin a ga ko an samu sauƙi. Irin waɗannan ƙananan abubuwa ne ke sa yaro mai kunya ya yarda ya je.

Batun sirri ne zai fi yi wa iyaye irinmu nauyi. Mai ba da shawarar ba malamar makarantar ba ce, kuma ba ta kai rahoton abin da aka tattauna ga malamai ko ga uwa da uba, sai idan ta ga yaron yana cikin haɗari. Bisa ƙa'idar da kotun ƙoli ta lokacin ta kafa a shari'ar Gillick a 1985, ɗalibin da hankalinsa ya kai yana iya karɓar irin wannan taimako ko da iyayensa ba su sani ba. Ga wanda ya tashi a gidan da ake cewa maganar gida ba ta fita waje, wannan abu ne mai wuyar haɗiyewa. Duk da haka ina ganin tsarin daidai ne, domin yarinyar da ta san cewa maganarta za ta koma kunnen mahaifinta kafin magariba ba za ta buɗe baki ba. Abin da na lura da shi a gida shi ne ta koma barci yadda ya kamata, ta kuma daina neman uzurin ƙin zuwa makaranta ranar jarrabawa.

Inda hidimar ta gaza kuwa, daga wajen kuɗi ne. Tun daga 2013 aka zuba kason shirin a cikin babban tallafin da gwamnatin Wales ke ba ƙananan hukumomi, wanda daga cikinsa da harajin gidaje ake biyan kula da tsofaffi da kwashe shara da gyaran tituna. Dokar ta ce a samar da hidima daidai gwargwado, amma ba ta ƙayyade adadin masu ba da shawara ko tsawon jira ba. Saboda haka wata hukumar takan ɗauki ma'aikatanta, wata ta ba ƙungiyar agaji kwangila, kuma abin da yaro zai samu ya danganta da inda iyayensa suke zaune. Sama da yara 10,000 ne ke amfani da shirin a shekara, mata sun fi maza yawa, kuma fargaba da matsalolin iyali ne kan gaba. A makarantarmu mai ba da shawarar ba ta zuwa kullum, mun yi jiran makonni kafin a kira ɗiyata, kuma zaman ya ƙare cikin 'yan makonni, daidai lokacin da ta fara sakin jiki. Haka kuma ba mu ci karo da wadda ta san al'adunmu ba, don haka wani ɓangare na lokacin ya tafi wajen bayyana mata abin da kunya da girmama iyaye ke nufi a gidan Bahaushe.

Ya kamata kuma iyaye su sani cewa wannan ba asibiti ba ne. Ba a rubuta magani, ba a kuma tantance cuta, kuma idan lamarin ya kai ga yaro yana cutar da kansa ko ya daina cin abinci, ana miƙa shi ga sashen lafiyar ƙwaƙwalwar yara na NHS, wato hukumar kiwon lafiya ta gwamnati, wanda kasafin kuɗinsa da layin jiransa daban ne. Wanda ya ga alamun damuwa a ɗansa gara ya nemi a sa sunansa tun farkon zangon karatu, ya kuma tambayi makarantar ko akwai ganawa ta waya ko ta intanet a lokacin hutu.