Irin rama na Tainung 2: zarensa ya yi, amma ganyensa zai sa a yi ta tambayarka

Damina biyu na shuka wannan iri a gefen ramarmu ta gida, kuma hukuncina a kansa shi ne: wanda yake son zare don igiya ko buhu ya nema, wanda kuma ganyen kwaɗo kawai yake so ya zauna a kan ramar da ya gada.

Asalin irin daga Taiwan yake. Abin da za ka fara lura da shi ganyensa ne. Yana ƙarami ganyen dunƙulalle ne, amma da ya tasa sai ya rabu gida uku, sannan biyar, har bakwai, kamar yatsun hannu. Daga nesa sak tabar wiwi, kuma wannan kamannin ne ya sa masana tsirrai suka raɗa wa rama suna Hibiscus cannabinus. Tunda noman wiwi babban laifi ne a dokar NDLEA, ya kamata manomi ya iya nuna bambancin ga duk wanda ya tsaya bakin gona yana kallo. Karan rama yana da ƙananan ƙayoyi masu kartar hannu. Furenta babba ne, fari-fari mai ratsin ɗorawa da jan tsakiya, irin na kuɓewa da auduga, domin danginsu ɗaya. In ka murza ganyen ba ka jin warin nan mai ƙarfi, ba danƙo a yatsa, a baki kuma tsami ne. Babu sinadarin maye a cikinta ko kaɗan. Wiwin da ake kira indika, na tsaunukan Afganistan, gajere ne mai cunkoson rassa, ita kuwa wannan miƙewa take yi sambal, mita uku zuwa huɗu.

Kafin ka zuba iri a ƙasa, gwada shi. Ƙwayar rama tana da mai, kusan kashi 20 cikin ɗari, don haka in ta kwana a ɗaki mai zafi da laima saurin mutuwa take. Ƙirga ƙwaya 100, naɗe a jiƙaƙƙen tsumma, duba bayan kwana biyar. In ƙasa da 70 suka tsiro, ƙara yawan iri ko ka mayar wa mai shi.

Tazara ita ce inda mutane suka fi yin kuskure, saboda mun saba watsa rama jefi-jefi a bakin gonar dawa. Ramar zare matsi take so. Santimita 30 tsakanin layi, 10 tsakanin shuka, zurfin rami kada ya wuce santimita 3. Kilo 15 zuwa 20 ya ishi hekta. In ka ba ta fili sai ta yi rassa, kuma kowane reshe yanke zare yake yi, wajen ɓarewa ka ga yana tsittsinkewa a gaɓa. Buhu huɗu na NPK 15-15-15 nake sawa a hekta lokacin shuka, sai buhu biyu na yuriya a mako na biyar. Noman fari da maimai sun wadatar, daga nan inuwarta ce ke kashe ciyawa.

Lokacin shuka ba abin wasa ba ne da wannan iri. Ba kwanakinsa yake ƙirgawa kafin ya yi fure ba, tsawon yini yake bi. Da yini ya gajarta wajen ƙarshen damina sai ya tsaya da tsawo ya koma fure, ko yaushe aka shuka shi. Wanda ya shuka a Yuni da ruwa ya zauna zai sami dogon kara. Wanda ya kai Agusta zai yanki abin da bai wuce ƙirjinsa ba.

Babban aibinsa tsutsar saiwa ce, wadda ido ba ya gani. A jigawa, musamman inda aka yi tumatir ko kuɓewa bara, za ka ga shuka ta yi rawaya tana yaushi da rana alhali ƙasa da danshi. Tumɓuke ɗaya, za ka tarar saiwar ta yi ƙulu-ƙulu kamar carbi. Taki ba ya gyara wannan. Sai dai ka bi bayan masara, dawa ko gero. Ƙananan ƙwarin nan masu tsalle da ke huda ganyen kuɓewa su ma suna far mata a makonnin farko, amma da ta yi ƙarfi ba sa iya mata komai. Ba ta kuma son ruwa ya kwanta mata a gindi.

A yanka da zarar furanni na farko sun buɗe. In aka jira ta yi 'ya'ya zaren ya yi tauri, ya rasa sheƙi. A ɗaure dami-dami, a jingine kwana uku ko huɗu ganye ya zube, sannan a nutsar a kududdufi a danne da duwatsu ko gungume. Kada a danne da laka, baƙi take sa zaren. Cikin ruwa mai ɗumi kwana 10 zuwa 14 ya isa, in hunturu ya shigo yakan kai mako uku. Daga kwana na takwas a riƙa zaro kara ɗaya kullum: in ɓawon ya saɓule da yatsa, zaren ya rarrabu, a fitar a wanke ranar. Ƙarin kwana biyu kan ruɓar da shi har igiyar ta riƙa katsewa wajen tufka. Ruwan yana wari sosai, don haka ba a inda dabbobi ke sha ba.

Ɓawon da ke ba da zare kusan kashi ɗaya ne cikin uku na busasshen kara. Sauran farin karan ciki mara nauyi yana kama wuta nan take, yana kuma shan fitsari in an daddatsa shi an shimfiɗa wa kaji ko tumaki. Ganyen ana ci, amma wajen kwaɗo da ƙuli ramar gida ta fi shi laushi a bakina.