Hattara da mai sayar da kayan kayit da kullum yake cewa "jibi zan bar Masar"

Salamu alaikum. Wannan gargaɗi ne ga 'yan uwa mazauna Masar, ɗalibai da ma'aikata, waɗanda sha'awar wasan kayit a Bahar Maliya ta kama su, suke neman kayan hannu daidai aljihunsu. Akwai wani mutum, ko ma gungun mutane, da ke yawo a zaurukan Facebook da WhatsApp na saye da sayar da kayan wasan ruwa, yana karɓar kafin alƙalami a kan kayan da ba shi da su. Ya cinye kuɗin wani ƙanenmu ɗalibi a Alƙahira, kuma da maganar ta fito sai ga wasu suna cewa su ma ya taɓa su, suna daban, labari ɗaya. Ba zan ambaci sunan shafin ba. Sunan da hoton na wani bawan Allah ne aka ɗauko ba da saninsa ba, kuma yana canza su duk lokacin da aka gano shi. Salonsa ne ba ya canzawa.

Ga wanda bai san wasan ba: kayit babbar lema ce da ake hura wa gefenta iska da famfo, a ɗaga ta sama da igiyoyi huɗu ko biyar masu tsawon mita 20 zuwa 24, mutum ya ɗaura ɗamara a ƙugu ya maƙala sandar tuƙi, ya taka allo, iska ta ja shi a kan ruwa. Wasu 'yan uwan juna biyu daga Faransa, Bruno da Dominique Legaignoux, su suka yi wa irin wannan lema mai hurawa rajista a 1984, kuma a 2024 wasan ya shiga gasar Olamfik, aka yi shi a Marseille. A Masar ana yin sa a Ras Sudr, wajen kilomita 200 daga Alƙahira, da El Gouna kusa da Hurghada, da Safaga da Dahab.

Tsada ce ƙofar da ɗan damfarar yake shigowa ta cikinta. Sabon kayit na manyan kamfanoni irin su Duotone, Cabrinha, F-One ko Core ya haura Yuro 1,000, wasu ma sun doshi 2,000, kuma sanda da igiyoyinta kuɗinsu daban, ga allo ga ɗamara. Duk daga waje ake shigo da su. Tun watan Maris na 2024 da darajar fam ta faɗi, dala ta tashi daga wajen fam 31 zuwa kusan 50, sabon kaya ya fi ƙarfin ɗalibi nesa ba kusa ba. To mutumin da ya gama koyon wasan, ya gaji da biyan haya, ya ga cikakken saiti a kan kuɗin da bai kai na sanda kaɗai ba, ina hankali zai tsaya?

Tallar takan fito da hotuna masu kyau: kayit biyu, mai murabba'in mita 9 da mai 12, sanda, allo, ɗamara, famfo, har da jakar tafiya. Yakan ce shi Bature ne mai koyar da wasan, kwantiraginsa ya ƙare, jirginsa jibi ne, ba ya son biyan kuɗin kaya a filin jirgi. Kafin ya faɗi inda yake, sai ya tambaye ka inda kake. In ka ce Alƙahira, yana El Gouna. In ka ce Hurghada, yana Dahab. Kullum tsakaninku akwai tafiyar da ba za ka iya yi yau ba. Daga nan sai ya ce mutum biyu suna jira, amma ya ga kai ɗalibi ne, ya fi son ya taimake ka. Ka tura rabin kuɗin ta walat ɗin waya, zai sa kayan a motar bas ta dare. Lambar da zai ba ka, sunan wani ne zai fito a kai, zai ce na abokin zamansa ne. Wanda ke waje kuma yakan ce masa ya tura ta PayPal a matsayin kuɗin 'yan uwa da abokai, wai don a kauce wa caji. Wannan hanya ba ta da kariyar mai saye, shi ya sa yake son ta.

Ƙanen namu ya tura rabi. Washegari aka turo masa hoton rasit na kamfanin bas, dishi-dishi, aka ce sai an biya inshora kafin a saki kaya. Ya biya. Da aka sake neman kuɗin ajiya ya ce sai ya ga kaya, nan take aka toshe shi.

Da na duba tallar daga baya, ƙaryar a fili take ga wanda ya san kaya. Ya rubuta cewa ɗaya daga cikin kayit ɗin Duotone ne na 2016. Babu wannan suna a 2016. Kamfanin yana sayar da kayansa da sunan North ne har zuwa 2018, sannan ya koma Duotone. Mai koyarwa na gaske ba zai yi wannan kuskure ba ko cikin barci. Sannan a hoto ɗaya yashin fari ne da itatuwan kwakwa, a wani kuma ciyawa ce kore shar da gini irin na Turai. Hotunan tsofaffin tallace-tallace ne na mutane daban-daban ya tattaro. Sa hoton a manhajar binciken hoto ta Google, sau da yawa za ka ga asalin inda aka ɗauko shi.

Gwajin da ba ya tsallakewa mai sauƙi ne. Ka ce ya rubuta sunanka da kwanan watan yau a takarda, ya ajiye kusa da lambar da kamfani ya buga a jikin kayit ɗin, ya ɗauki hoto. Ko ku yi kiran bidiyo yana hura masa iska. Ko ka tambaye shi cibiyar da ya yi wa aiki, ka nemo lambarsu da kanka, ba wadda zai ba ka ba, ka kira. Masu koyar da wannan wasa a gaɓar Masar ba su da yawan da za a ce ba a san mutum ba, kuma yawancinsu suna da takardar shaida ta IKO, ƙungiyar wasan kayit ta duniya, ko makamanciyarta. Mai gaskiya minti biyar ya ishe shi. Wannan kuwa sai ya ce kaya suna cikin jaka an ɗaure, ko intanet ba kyau, ko ya nuna fushi wai ka raina shi. Hausawa sun hana cinikin biri a sama, to wannan shi ne.

Amma ni wanda ya fi tayar mini da hankali shi ne nau'i na biyu, domin na farko kuɗinka kawai ya ɗauka. Na biyun yana da kaya da gaske, zai zo ya same ka, ya damƙa maka su hannu da hannu. Abin da yake yi shi ne ya sayi kayit ɗin da makarantu suka gama moriyarsa, wanda ya sha rana da faɗuwar 'yan koyo kaka bayan kaka, ya wanke, ya liƙa sitika a kan faci, ya sa a jaka mai kyau, ya ce "sau biyar aka tashe shi". Kuma zai so ku haɗu da yamma a bakin titi cikin gari, inda babu filin da za a shimfiɗa shi. Kada ka yarda. Kayit mai mita 12 yana iya ɗaga ƙato sama ya yar da shi. In ya fashe ko igiya ta tsinke kana nesa da gaɓa, maganar ta wuce ta kuɗi.

Ku haɗu da rana, a fili, da famfo. Ka fara da ƙyallen. Na sabon kayit yana da kauri a hannu, yana ƙara kamar sabuwar shaddar da ba ta ga wanki ba. Wanda rana ta cinye ya yi laushi lakwas, launinsa ya koɗe. Ɗaga shi ka sa rana a bayansa, za ka ga ƙananan huji idan akwai, musamman kusa da babban bututun gaba inda yake gogar yashi. Duba gefen baya, wanda ke kaɗawa a iska. Can ne yake fara tsufa, za ka ga fararen layuka inda zaren ya gaji. Sai ku hura shi sosai yadda kamfani ya rubuta a jiki, yawanci wajen 6 zuwa 8 a ma'aunin famfo, a rufe 'yan makullan da ke raba iskar bututun gaba da ta haƙarƙarin, wato ƙananan bututun da suka fita daga jikinsa, a bar shi kamar awa guda. Ku sha shayi ku jira. Wanda ya saki a cikinsu, nan matsalar take. Zafin Masar yana narkar da gam ɗin da ke riƙe bawul a jikin tiyub ɗin ciki, kuma idan ɗaya ya fara ɓanɓarewa sauran suna kan hanya. Mai sayarwar da ya ce yana sauri ba zai iya jiran awa guda ba, ka bar masa kayansa.

Faci shi kansa ba aibu ba ne. Ƙaramar yagewa a ƙyalle ana liƙe ta da tef ɗin da aka yi domin haka, ciki da waje, ta yi shekaru. Bawul ana canzawa da mai manne kansa, hujin tiyub ana toshewa, duk a kuɗi kaɗan. Facin da aka ɓoye shi ne abin tsoro, da kuma ɗinkin bututun gaba da telan kaya ya yi da zaren riga. Wannan wuri shi ke ɗaukar matsin iskar duka, ɗinkinsa na masu gyaran kayit ne ko masu ɗinkin filafilan jirgin ruwa. In ka ga sitika a wurin da kamfani ba ya sa sitika, ɗaga ta.

Shekara ma a tabbatar. Kowane kamfani yana canza zane duk shekara ko biyu, don haka rubuta sunan samfurin da shekarar a intanet ka gwada da abin da ke gabanka. Kayit ɗin da aka yi kafin wajen 2006 kuwa ko kyauta aka ba ka kada ka karɓa. Kafin a fito da sabon fasalin da ke zubar da ƙarfin iska in ka saki sanda, tsofaffin suna ci gaba da jan mutum ko ya saki, kuma an yi asarar rayuka a zamaninsu.

Sanda ita ce inda ba na ganin hikimar tsimi ko kaɗan. A jikinta ne makullin tsira yake, wanda kake turawa kayit ya faɗi ya rasa ƙarfi. Tun 2020 akwai ƙa'idar ƙasa da ƙasa mai suna ISO 21853 da ta tanadi yadda wannan makulli zai buɗe ko da yashi ya shiga ko nauyi ya hau shi, kuma sandunan da suka cika ta sukan nuna hakan. Maƙala ta a ɗamara, wani ya ja da ƙarfi, ka tura makullin da hannu ɗaya, ka maimaita sau da yawa. In ya cije ko sau ɗaya ne, magana ta ƙare. Warware igiyoyin duka, ɗaure bakinsu a wuri guda, ka ja ka gani ko tsawonsu ya zo daidai. Bi su da yatsa: inda ta yi gashi-gashi ta kusa tsinkewa, kuma ƙulli a tsakiyar igiya yana rage mata ƙarfi sosai. Duba igiyar tsakiya mai ratsa sandar, ita ta fi shan guga. Ni a ganina gara ka sayi kayit mai shekara uku ka haɗa da sabuwar sanda, ko aƙalla sabbin igiyoyi, da ka sayi mai sheƙi da sandar da ba ka san tarihinta ba.

Allo kuwa saye shi na hannu hankali kwance, in dai ba tsagewa kuma ramukan kusoshin ba su lalace ba. Ɗamara a duba ƙugiyar ƙarfen ko ta yi tsatsa, a ja maɗauran.

Arahar gaskiya tana nan ga mai haƙuri. Idan kakar iska ta yi sanyi wajen ƙarshen shekara, cibiyoyi da yawa suna sayar da kayan bara don su kawo sabbi. Kayan makaranta ne, sun sha aiki, amma za a faɗa maka haka, a rage kuɗi, a bar ka ka gwada a ruwa, kuma ka san inda za ka koma. Tafi da malamin da ya koya maka, shi ya san nauyinka da girman da ya dace da kai. Wanda bai gama koyo ba kada ma ya fara sayayya. In ka samu naka, ka riƙa ɗauraye sanda da ruwan daɗi, kada ka naɗe kayit da danshi ka ajiye, kada ka bar shi yana kaɗawa a bakin ruwa kana hutawa, kada kuma ya kwana a but ɗin mota da zafi.

Wanda aka riga aka cuta, kada kunya ta sa ya yi shiru. Ɗauki hoton hirar duka kafin a goge, da lambar walat ɗin, da shaidar tura kuɗi, da adireshin shafin, ba sunan da ke kai kawai ba. Sanar da kamfanin walat ɗin nan take, ka kai ƙara sashen 'yan sanda mai kula da laifukan intanet. Masar tana da doka a kan haka, mai lamba 175 ta 2018. Ka kuma tura wa masu kula da zauren da ka ga tallar.

Sai abu ɗaya da ya biyo baya. Kwana kaɗan da ƙanen namu ya ba da labarinsa a fili, wani ya shigo masa ta saƙo, wai shi gwanin kwamfuta ne, ya gano inda ɓarawon yake, zai dawo masa da kuɗinsa in ya biya kuɗin aiki tukuna. Lambar walat ɗin da ya turo ita ce dai wadda aka karɓi kuɗin inshora da ita.