Kafin ka sa ɗanka a makarantar ƙasa da ƙasa a Japan

Duk wanda aiki ko karatu ya kai Japan da iyalinsa, maganar makarantar yara ce ke fara hana shi barci. Shawarata, kada kyan gini ya ruɗe ka. Fara tambayar matsayin makarantar a dokar ilimi ta 1947.

Makarantun da sashe na ɗaya na dokar ya ambata, waɗanda Japanawa ke kira ichijoko, su ne cikakkun makarantu a idon hukuma: shekara 6 ta firamare, 3 ta ƙaramar sakandare, 3 ta babba. Yawancin makarantun ƙasa da ƙasa ba sa cikinsu, har da tsofaffi masu suna irin su American School in Japan da aka kafa a 1902, da Saint Maur ta Yokohama da ke aiki tun 1872. Wasu gwamnan lardi ya yi musu rajista a rukunin kakushu gakko, wato makarantun da hukuma ta san da su amma ba ichijoko ba ne, wasu kuwa ba su da ko wannan, kamfani ne kawai ke koyarwa. Irin waɗannan na ƙarshe akan ɗora harajin kashi 10 cikin ɗari a kan kuɗin makaranta, kuma sau da yawa yaro ba ya samun tikitin jirgin ƙasa mai rangwame na ɗalibai.

Idan yaron ba ɗan ƙasa ba ne, doka ba ta tilasta maka komai ba. Amma wanda ya auri Bajapaniya kuma ɗansa ke da takardar zama ɗan Japan, lallai ya yi hattara. Ma'aikatar ilimi ba ta ɗaukar cewa iyaye sun sauke nauyin karatun dole na shekara 9 idan makarantar ba ichijoko ba ce, kuma komawa makarantar gwamnati daga baya kan zo da tangarɗa. Je ofishin ilimi na gundumarku ka ji ta bakinsu tun kafin ka biya ko yen ɗaya.

Sai maganar shaidar kammalawa. Wanda ya gama aji 12 a makarantar da hukumomin tantance makarantu na waje irin su WASC ko CIS ko ACSI suka tantance, ko yake riƙe da difilomar IB (International Baccalaureate, shaidar kammala sakandare ta ƙasa da ƙasa), yana da damar neman jami'ar Japan. Ka nemi a nuna maka takardar tantancewar da idonka.

Kuɗi kam akwai shi. Manyan makarantun Tokyo masu koyarwa da Ingilishi sukan karɓi yen miliyan 2 zuwa 3 a shekara, ban da kuɗin shiga, na gini da na motar makaranta. Sababbin rassan makarantun Ingila, Harrow a Appi da aka buɗe a 2022 da Rugby a Kashiwa a 2023, na kwana sun fi haka nesa ba kusa ba. Makarantun Indiyawa na gabashin Tokyo, masu manhajar CBSE ta hukumar ilimin sakandare ta Indiya, sun fi sauƙi ƙwarai. 'Yan uwanmu na Nijar kuwa suna da makarantar Faransa ta Tokyo, inda yaro zai ɗora daga inda ya tsaya.

Ga wanda zai daɗe a ƙasar, na fi karkata ga makarantun da suka haɗa biyu: ichijoko ne, kuma suna koyar da IB. Katoh Gakuen ta Numazu tana cikin waɗanda suka fara haka, ga Gunma Kokusai Academy a Ota, ga kuma sakandaren Kokusai ta gwamnatin birnin Tokyo mai arha, sai dai gurabenta kaɗan ne kuma jarrabawar shiga ba wasa. Yaro ya fita da Japananci mai ƙarfi da shaidar da jami'o'in waje suka sani. Abin da ke damuna shi ne yaron da zai girma a Tokyo amma ya kasa karanta wasiƙar da ofishin gunduma ya aiko gidansu.

Kada kuma a raina makarantar gwamnati ta unguwa, wadda ke karɓar 'ya'yan baƙi ba kuɗin karatu, kuma ƙaramin yaro kan kama harshe da wuri. Abin lura ga Musulmi shi ne kyushoku, abincin rana da yara ke sanya fararen riguna su raba wa junansu a aji. Naman alade kan shiga cikin miyar, don haka iyaye kan karɓi jadawalin abinci na wata su duba, ko su nemi izinin ɗauro wa yaro nasa daga gida.

A duba kalanda ma: makarantun Japan a Afrilu suke fara shekara, yawancin na ƙasa da ƙasa kuwa a ƙarshen Agusta ko Satumba, kuma sauya sheƙa tsakaninsu kan ci yaro watanni.